Kafin ki sayo wa yaro keke mai ƙafa uku, ki fara auna ƙafarsa

In aka ce keke mai ƙafa uku a garin nan A Daidaita Sahu ne zai fara faɗo wa mutum a rai, to ba shi nake nufi ba, ɗan ƙaramin nan na yara nake magana, mai taya ɗaya a gaba biyu a baya, wanda ake jerawa a bakin shaguna in Sallah ta matso, ja da shuɗi da ruwan hoda sai ƙyalli suke. Guda uku muka saya a gidan nan. Na farko asara ce tsagwaronta, na biyu ya yi mana 'yan watanni, na ukun kuwa yara uku ne suka hau shi kuma har yanzu yana nan a jingine ƙarƙashin matattakala. Abin da na koya tsakanin na farko da na ukun shi zan faɗa miki, in kuma Abban yara ne mai zuwa kasuwar sai ki tura masa ya karanta.

Na farkon Abbansu ne ya shigo da shi wata ranar Juma'a da yamma, lokacin babban ɗana yana shekara ɗaya da wata takwas. Ƙaton keke, ga fitila ga waƙa ga madubi kamar na babur har da ɗan kwando a baya. Na ce Abban yara wannan ai ya yi masa girma, ya ce ke dai bari, zai girma ya same shi, mai shagon ma haka ya ce. Aka ɗora yaro ƙafafunsa suna reto, ko kusa da feda ba su kai ba, in ya miƙa ƙafa sai ya zamo daga kan sirdin ya dawo kan ƙarfen tsakiya ya fashe da kuka. Ƙarshenta dai ni na koma injin keken, in duƙa in riƙe kan keken ina ja daga bakin kicin zuwa bakin zaure har bayana ya riƙe. Da na gaji aka jingine shi a tsakar gida, rana ta dake shi damina ta dake shi, ranar da ƙafar yaron ta kai feda kuwa yana hawa sirdin ya ce ƙas ya rabe biyu. Ya girma ɗin amma bai same shi ba.

Saboda haka tun kina gida ki ɗauko tef ɗin ɗinki, in babu ko zare ya isa. Ki tsayar da yaron jikin bango da takalminsa a ƙafa, ki auna daga matsematsinsa zuwa ƙasa, ki yanke zaren daidai nan ki sa a jaka. A shago sai ki juya fedar keken har ta kai inda ta fi nisa da sirdi, ki ɗora bakin zaren a tsakiyar sirdin ki ja shi zuwa kan fedar. Ana so zaren ya kai har ya ɗan yi saura, domin ko a wuri mafi nisa gwiwar yaro ya kamata ta kasance da ɗan lanƙwasa, ba wai ya miƙe ƙafa sambal yana taɓo feda da babban yatsa ba. Sai kuma ki auna daga sirdin zuwa ƙasa, nan ma zaren ya kai da rara, don yana zaune tafin ƙafarsa biyu su iya taka ƙasa, ya hau da kansa ya sauka da kansa ba sai an ɗaga shi ba. In zaren ya yi saura da yawa ƙwarai shi ma ba daidai ba ne, keken ya yi masa kaɗan, gwiwoyinsa za su riƙa dukan kan keken duk juyi ɗaya.

Za ki ce me ya sa ba za a tafi da yaron ba kawai a ɗora shi a gani. Hakan ya fi kam, gani ya kori ji, amma ki shirya, domin da zarar ya hango jan nan mai fitila ya ƙanƙame shi an gama magana, zai kwanta a ƙasa yana birgima, mai shago yana murmushi yana cewa Hajiya ai yaro ya zaɓi nasa, mutane suna kallonki, haka za ki biya kuɗin abin da kin san bai dace ba. Ni dai zare na fi yarda da shi, zare ba ya kuka.

In kin samu wanda sirdinsa yake matsawa gaba da baya, mai ramuka biyu ko uku a jikin ƙarfen da ake kwance noti a gusa shi, wannan shi ne ainihin "zai girma ya same shi". Ki tabbatar dai ramin da ya fi kusa da feda ya yi masa daidai yau ɗin nan, sauran ramukan na baɗi ne. Girman tayar gaba ma yana ba da haske, mai inci 10 yawanci na 'yan shekara 2 zuwa 3 ne, mai inci 12 kuma na waɗanda suka haura 3, amma kar ki dogara da shekarun da aka rubuta a kwali kaɗai, ɗan shekara biyu na gidanku da na maƙota ba tsawonsu ɗaya ba.

Maganar shekaru kuwa, taka feda ba ƙaramin aiki ba ne a wurin yaro, sai ƙafa ɗaya ta tura ɗaya ta saki a lokaci guda ga hannu yana juya kai ga ido yana kallon gaba. Likitocin yara a wajen shekara 3 suke lissafa yaro ya iya wannan, wasu su riga wasu su ɗan makara, duk ba abin damuwa ba ne. Ɗan shekara ɗaya da rabi in kin ɗora shi a keke mai feda ba tuƙawa zai yi ba, ko dai ya riƙa jan ƙasa da ƙafa ko a tura shi. Irin waɗannan akwai nasu, mai doguwar sanda a baya da babba zai riƙe yana turawa a tsaye, da bel na ɗaure yaro, da zobe da ya kewaye cikinsa, da lema a sama, in ya girma a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har ya koma keke zalla. In shi za ki saya ga abin da mutane ba sa dubawa. Ki juya sandar turawar hagu da dama ki gani ko tayar gaba tana binta, domin akwai waɗanda sandar turi kawai take yi ba ta juya keken, sai kin ɗaga gaban duk lokacin da za ki yi kwana, ga yaro kuma yana murɗa kai inda ya ga dama, ku yi ta kokawa. Sannan ki duba akwai wurin ɗora ƙafa daban da feda, kuma akwai ɗan maɓalli ko murfi a jikin tayar gaba da ake ja ya raba feda da taya. In babu shi, kina turawa feda tana juyawa tana dukan ƙwaurinsa da dunduniyarsa, shi kuma bai iya faɗa miki abin da ke damunsa ba sai dai kuka. Ki kuma tsaya a bayan keken ki riƙe sandar ki ji ko ta kai miki tsawo, in sai kin sunkuya to ba ki rabu da ciwon baya ba.

Yanzu sai maganar faɗuwa. Mutane gani suke tunda taya uku ce ai ba ya faɗuwa, wallahi yana faɗuwa, kuma a kwana yake faɗuwa. Yaro zai taho da gudu ya murɗe kan keken gaba ɗaya, tayar gaba ta karkace, nauyinsa ya tafi gefe inda babu taya, sai tim. Keken da sirdinsa yake can sama kuma tayoyin bayansa sun matse kusa da juna shi ya fi saurin kifewa. Ki nemi wanda sirdinsa yake ƙasa-ƙasa ya ɗan ja baya kusa da tayoyin baya, su kuma tayoyin bayan sun buɗe sosai. Gwajin da nake yi a shago ba ya cin minti ɗaya, in ajiye keken a ƙasa, in murɗa kan har ƙarshe, in sa hannu a sirdin in danna shi gefe. In tayar baya ɗaya ta ɗaga da ɗan taɓawa kaɗan sai in ce a kawo wani. Masu kyau ma kan nasu ba ya murɗawa har ƙarshe, akwai inda yake kaiwa ya tsaya, da gangan aka yi shi haka, kar ki ɗauka ya lalace ne. Sirdi mai ɗan majingini a baya shi ma yana taimakawa, yaro yana samun abin tokarewa in zai tura feda.

Wani abu da ya kamata ki sani game da yadda keken nan yake aiki, fedarsa a jikin tayar gaba take kai tsaye, babu sarƙa irin ta keken manya, kuma yawancinsu babu birki. Taya ta juya feda ta juya, ba yadda za a yi ɗaya ta tsaya ɗaya tana tafiya. A shimfiɗaɗɗen wuri hakan ba matsala, in ya daina takawa keke ya tsaya, in ya taka baya keke ya yi baya, su kuwa suna jin daɗin wannan. Amma a gangara, irin gangaren nan da ake yi wa mota a bakin get, keken zai kwasa da gudu feda ta fi ƙarfin ƙafarsa ya ɗage ƙafafu sama, ba abin da zai tsayar da shi sai bango ko kwata ko titi. In gidanku yana da irin wannan gangaren ki sa shi cikin lissafi tun kafin keke ya shigo.

Wanda ya kawo mu kan taya, kuma nan ne nake ganin aka fi cutuwa. Kafin ki fita ki kalli tsakar gidanki da kyau, siminti ne ko tayil ko intalok ko yashi. Tayar roba mai tauri, irin wadda in kin ƙwanƙwasa take ƙara kamar bokiti, ita ce mafi araha kuma a kan siminti mai santsi tana tafiya, sai dai ƙara kamar ana jan galan, a kan tayil kuma zamewa take. A yashi kuwa ko motsi ba ta yi, domin nauyin yaron a baya yake ita kuma tayar gaba ita ce mai ja, sai ta tsaya wuri ɗaya tana juyawa tana haƙa rami. Akwai ta soso mai tauri, baƙa mara nauyi, ba a yi mata iska ba ta faci, ba ta da ƙara kuma tana ɗan kama ƙasa, a ganina ga yawancin gidajenmu ita ta fi, illarta dai tana cinyewa in ana yawan gurza ta a kan siminti mai kaushi. Sai kuma ta roba mai iska irin ta keken manya, wadda ta fi kowacce laushi da iya tafiya a ƙasa mai tsakuwa da gargada, amma ta fi tsada ta fi nauyi, ga ƙaya ga ƙusa, kuma kafin ki saya ki tambayi mai facin unguwarku ko ana samun tib mai wannan girman, kar ranar da ya fashe keke ya koma kayan ado. Kowacce iri ce dai ki zaɓi mai faɗi, siririyar taya nutsewa take a ƙasa.

Kekenmu na biyu roba ne tun daga kai har taya, daidai ƙafar yarinyar kam don a lokacin na fara wayo. Muka tafi da shi gidan Umma hutu, tsakar gidanta yashi ne, yarinya ta taka ta taka keke ya ƙi gaba, ta sauko ta kama shi da duka. Sai 'yan uwanta suka ce bari su taimaka, ɗaya ya taka baya ya tsaya yana tura ƙasa da ƙafa ɗaya, wani ya zauna a kwando, kafin la'asar ƙarfen da ya ratsa tayoyin baya ya lanƙwashe, tayoyin suka buɗe kamar ƙafar gwame. Umma tana kan tabarma ta ce ke ma dai, kin taɓa ganin keken yaro ɗaya a gidan Bahaushe?

Gaskiyarta kuwa. A jikin kwali za ki ga an rubuta iyakar nauyin da keken zai ɗauka, da yawansu kilo 20 ne ko 25. Ɗan shekara 3 bai wuce wajen kilo 14 ba, sai ki ga ai da sauran wuri, amma yayansa ɗan shekara 8 shi kaɗai ya kai wajen kilo 25, in ya ɗare baya an doshi 40 ke nan. Kuma zai ɗare, ko kin hana zai jira ki shiga wanka. Ga 'ya'yan maƙota ga na baƙi ranar suna. Don haka in dai gidan yawa ne ko akwai yayye, ki sayi mai gangar ƙarfe. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa, ki juya shi ki kalli inda aka yi walda ko ta kama ko ɗigo-ɗigo aka yi, ki kama tayar baya ki girgiza ki ji ko tana lilo, ki danna sirdin da tafin hannu da ƙarfi. Ki bi gefunan da yatsa ko akwai kaifi ko bakin noti da ya fito ba murfi. Amfanin ƙarfe shi ne in ya karye mai walda zai kama shi, roba kuwa in ta tsage sai dai a ɗaure da tsumma ana lallaɓawa. Amma sirdin kansa gara na roba mai kauri, domin a watan Afrilu da zafin Kano yake kaiwa digiri 40, sirdin ƙarfe da ya wuni a rana zai iya ƙona cinyar yaro. Ita ma robar rana ce ajalinta, launinta ya koɗe ta bushe ta riƙa ɓarewa, don haka keke a inuwa ake ajiye shi, da damina kuma a shigar da shi ciki saboda tsatsa.

Fitila da waƙa kuwa kyan ɗan maciji ne. Sati biyu batir ya mutu, ko ma ke da kanki ki cire shi saboda waƙar ta ishe ki, kuma kuɗin da ya kamata ya tafi kan ƙarfe da taya nan ya tafi. In dai keken ya cika sauran sharuɗɗa kuma ya zo da su, to ba laifi, sai dai ki duba murfin batirin da noti aka ɗaure shi ko da farce ake ɓallewa. Musamman in ƙaramin batir ne mai kama da kwabo irin na agogo, wannan in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro cikin awa 2 zai iya ƙona masa hanyar abinci, ba abin da za a tsaya ana ba shi ruwa ana jira ba ne, asibiti ake nufa kai tsaye. Haka ƙananan kayan ado da ake mannawa, idon 'yar tsana da ƙwallayen roba, ki ja su ki gani, duk abin da ya ɓalle a hannunki zai ɓalle a bakinsa. Ƙararrawa 'yar ƙiriring ta ishe shi murna.

A jikin kwali ko ƙarƙashin sirdi wani lokaci za ki ga CE ko EN 71, alamar ƙa'idar kayan wasan yara ta Turai ke nan, ASTM F963 kuma ta Amurka ce, a nan gida hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, masu shigo da kaya kuma takardar SONCAP ake nema a wurinsu. Ganin alamar ya fi rashinta, amma sitika ba ta da wuyar bugawa, hannunki da idonki su ne alƙalai.

Sabo ko kwatano? Sababbi kusan duk 'yan Caina ne kuma hawa-hawa ne, akwai nagari akwai na jeka-ka-dawo, a Kano in kin shiga Sabon Gari za ki gan su iri-iri. Kwatano kuwa sai an yi yawo, wajen masu gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, da masu baza kayan yara a bakin titi. Namu na uku kwatano ne, kuma in kin yi sa'a kika ci karo da irin su Radio Flyer na Amurka ko Puky na Jamus ko SmarTrike, ki tsaya ki duba da kyau don an san su da ƙwari. Sai dai na hannu sai an ninka bincike, ki leƙa ƙarƙashi ko tsatsa ta ci inda aka yi walda, ki ga fedar biyu duk suna nan kuma iri ɗaya ne, ki juya kowace taya ki saurara, ki tabbatar bel da sandar turawa ba su ɓace a hanya ba don ba za ki samu nasu a kasuwa ba. Wanda ya tsufa ƙwarai fentinsa yana ɓarewa ki bar shi komai arahar sa, tsofaffin fenti akwai masu dalma a ciki, Amurka ma sai a 1978 ta hana, yaro kuwa kan keke a baki yake sa shi, kuma duk wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san dalma ba abin wasa ba ce a jikin ƙaramin yaro. In kin kawo gida a wanke shi tas da sabulu da Dettol a shanya kafin kowa ya hau.

Masu saye ta waya, Jumia ne ko Jiji ko masu talla a Instagram da WhatsApp, ki sani hoto ba ya nuna girma, cinikin biri a sama ne in ba ki yi tambaya ba. Ki ce mai kayan ya sa tef ya auna miki daga sirdi zuwa feda da daga sirdi zuwa ƙasa ya turo bidiyo, ya ƙwanƙwasa tayar ki ji, in da hali kuma sai kaya ya iso ki biya. A wargaje yake zuwa cikin kwali, in Abbansu ba gwanin sufana ba ne a kai wa mai gyaran keke ya haɗa, ba wani kuɗi ba ne. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne notin da ke riƙe kan keken da tayar gaba, in bai ɗauru ba yaro zai juya kai taya ta ƙi binsa. Ki matse tayar tsakanin ƙafafunki ki murɗa kan, in ya juya shi kaɗai a ƙara ɗaurewa. Ledar da aka naɗo shi kuma a jefar nan take kar ta koma abin wasa.

Farashi yau daban gobe daban, dala ce ke jan sa, abin da zan ce kawai kar ki bari sai ana jibi Sallah, lokacin ko kin taya albarka za a ce miki don ga wani a bayanki da kuɗi a hannu. Ki zagaya shago uku kafin ki ciro kuɗi, kuma ki ware wani abu na hular kwano. Na san za a yi miki dariya, ni ma an yi min, wata maƙociyata ta ce Maman yara ko tseren babur zai je. Amma kan yaro yana da nauyi in aka kwatanta da girman jikinsa, sau da yawa shi yake fara kaiwa ƙasa, siminti kuma ba ya tausayi. Ki auna kewayen kansa da tef, na 'yan wannan shekarun yawanci tsakanin santimita 48 ne zuwa 52, ta zauna daidai a goshi kamar yatsa biyu sama da gira, igiyar kuma yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashin haɓa. In ya sauka daga keke a cire masa. Takalmi kuma mai rufe yatsu, silifas zamewa yake daga feda babban yatsa ya gurji ƙasa. 'Yan mata a cire musu hijabi da doguwar riga kafin su hau, haka yaro da jallabiyar Sallah, tayar gaba tana tsakanin ƙafafunsa ne, cafke bakin riga ba ya yi mata wuya.

Inda zai hau ɗin ma ki zagaya da ido. Rijiya a rufe, murhu da tukunyar ruwan zafi nesa, bakin matattakala a tare. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mota a cikin gida, keken nan gajere ne, direba yana baya ba zai hango shi ta madubi ba, don haka a gidanmu doka ce ba a tayar da mota sai an ga kowane yaro da ido an ga keken a jingine. Layi kuwa da babura da A Daidaita Sahu suke kutsowa ba wurinsa ba ne sai da babba a gefensa, babba na gaske ba yayarsa 'yar shekara 7 ba.

Akwai kuma wani da ya fara yawa yanzu, mai taya biyu mara feda, yaro yana zaune yana tura ƙasa da ƙafa, tun daga wajen shekara 2 suke iya shi. Wannan daidaita jiki yake koyarwa, wanda mai ƙafa uku ba ya koyarwa sam, shi feda da juya kai yake koyarwa. In burinki ya yi saurin hawa keken manya ne to ki duba shi, in kuma abin da zai yi ta zagaye tsakar gida yana ɗauko miki albasa a kwando kike so, mai ƙafa ukun ne.

In keke ya iso kar ki matsa masa, kuma don Allah kar a ɗaure masa ƙafa a feda da tsumma, na ga ana yi, in keken ya kife ba shi da ƙafar tarewa. Ki juya fedar ɗaya ta dawo sama ta ɗan kalli gaba, ki ɗora ƙafarsa ki ce tura, ki ɗan taɓa keken ta baya ya ji yadda yake tafiya. Autana sati uku ya yi yana jan ƙasa da ƙafa, da ya fara takawa kuma baya-baya ya riƙa yi har ya daki randa, sai wata safiya kawai na gan shi ya wuce ni fuu ya nufi zaure.

Duk wata sai a bi notuna da sufana don kwancewa suke, in hunturu ya wuce kuma ƙura ta cika cibiyar tayoyin har keken ya fara kuka, a goge a ɗiga mai. Namu wancan watan na aika da shi wurin Baba mai gyaran keke na bakin masallaci don feda ɗaya ta fita, ya juya shi ya kalla ya ce wa yaron da na aika, ka ce wa Hajiya wannan ƙarfen zai kai jikoki, sirdin ne dai ya kusa, in ta samu wani mataccen keke a gwanjo ta sayo a ciro nasa.